Rijiyar Kwarin Gawo

Daga bakin direbobin tashar Dutse maganar ta fara fita, a daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a, kafin ta ratsa gidajen biki da na suna. Wai akwai wani ƙauye a ƙasar Miga da ake kira Kwarin Gawo, wanda ciwon daji ba ya kama matansa, kuma sirrin yana cikin rijiyar ƙofar gidan mai garin. Da boka ne ya faɗa, da an ce neman abinci yake yi. To 'yan boko ne suka je da motarsu da fararen rigunansu, suka duba matan garin, ba su sami ko mutum ɗaya da ƙullutu a mama ba, aka kuma sanar a rediyo. Kafin gero ya fid da kai, duk motar da ta taso daga wajen Jahun sai ka gan ta da jarkoki ɗaure a sama, ruwa yana ɗiga a kan fasinja, babu mai ƙorafi don ana ganin albarka ce take zuba.

'Yan bokon nan su ne ake kira Haɗakar Yaƙi da Daji. Ƙungiyoyi ne da suka daɗe kowace tana harkar gabanta, sai da aka sha zama da lallashi kafin su yarda su shiga mota ɗaya. Tsofaffin malaman jinya na Ringim su ke duba mata. Wata ƙungiyar mata masu wa'azi a nan Dutse ita ke aikawa gari a tara su, direbobin Garki suka ba da aron bas, sai wasu samari 'yan jarida da suka ɗauki nauyin shela. Sun yi aiki, wannan ba a hana su ba. Mata da yawa ta dalilinsu suka fara sanin cewa ƙullutun da ba ya ciwo ma abin tsoro ne.

Malama Zulfa ta ji labarin rijiyar a gidanta na unguwar Limawa a Dutse, ta ce a ba ta sunan wanda ya gani da idonsa. Halinta ke nan tun tana shugabar makarantar 'yan mata, kuma ritaya ba ta rage mata komai ba. Ko cewa ka yi an ga wata, sai ta tambaye ka wa ya gani, a ina ya tsaya. Da a kan wasu abin ya tsaya, da ta yi tsaki ta ci gaba da karatun jaridarta. Sai ya shigo mata har ɗaka.

Bilki 'yar ƙaninta ce marigayi, ita ta riƙe ta tun daga yaye har ta aurar da ita a unguwar Takur, nan cikin Dutse. Bayan ta yaye ɗanta na uku, Haɗakar nan da kanta ta gano mata ƙullutu a maman hagu, ta tura ta babban asibiti a Kano. Likita ya ɗebi ɗan nama ya auna, ya ce daji ne, amma bai yi nisa ba. In an cire da wuri akwai kyakkyawan zato, in an yi jinkiri kuma ba ya ɗaukar wa kowa alkawari. Ya sa ranar aiki, wata Litinin da take ta matsowa.

Mijinta Abdulbaƙi malamin gona ne, ba jahili ba, ba kuma mugu ba. Uwarsa aka yi wa aiki shekarun baya ba ta ga ƙarshen watan ba, tun daga nan ya riƙe abin da tsofaffi ke faɗa, cewa daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Da labarin rijiya ya zo sai ya ji kamar an sauke masa dutse. Duk mako ya ɗaure jarkoki biyu a bayan babur ɗin aikinsa ya nufi Kwarin Gawo. Bilki ta sha, ta yi wanka, ta jiƙa tsumma ta ɗora. Maganar Kano kuwa ya ce a dakata tukuna a ga ikon Allah.

Malama Zulfa ta same shi a zaurensa ta faɗa masa duk abin da ya zo bakinta. Ya durƙusa ya saurara har ta gama, bai ɗago kai ba.

"Gwaggo, waɗanda suka ce a yanka ta, su ne fa suka ce garin nan babu ciwon. In na yarda da su a waccan, me zai hana in yarda da su a wannan? In suka fito suka ce kuskure suka yi, ni da kaina zan kai ta."

Maganarsa tana da hujja, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta leƙa ɗaki ta ga Bilki zaune da kofi a hannu, ta rame ba don ciwon ba, don zullumi. Yarinyar ta dubi gwaggonta ta dubi ƙasa.

Washegari ta shiga motar Ringim, wajen Alheri, wadda suka yi makarantar kwana tare kuma ita ce babba cikin masu duba mata. Ta same ta tana zuba wa kaji dusa. Bayan sun gama zagin juna kan wadda ta fi tsufa, Zulfa ta tambaye ta ko da hannunta ta duba matan Kwarin Gawo. Alheri ta ce da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, a bayan labule, kuma hannunta bai taɓa yi mata ƙarya ba tun tana asibiti. Babu wadda ta ji wa komai.

Zulfa ta tambayi shekarunsu. Alheri ta karkaɗe dusar hannunta. Ta ce yara ne, yawancinsu ko haihuwar fari ba su yi ba, duk sanye da hijabi iri ɗaya sabo fil, an jera su a rumfa kamar masu saukar karatu. Sun yi wa baƙi waƙar maraba ma.

"Garin ba tsofaffi? Ba masu goyo? Ba ki tambaya ba?"

"Tarawa ba aikinmu ba ne, Zulfa. Tun a Dutse aka raba, aka ce kada kowa ya shiga gonar wani, don abin da ya watsa haɗakar farko ke nan. Waɗanda aka kawo mini na duba. Na gaya wa 'yan jaridar ba mu sami komai ba, suka tafi da shi. Rijiya kuwa, ni ko ganinta ban yi ba."

Malama Zulfa ba ta tsaya cin abinci ba, duk da Alheri ta riga ta sa a kama zakara.

Zuwa Kwarin Gawo ta yi shi ne a tsohuwar atamfa da silifa, ta bar jakar hannu da tabarau a gida. Ta san ƙauye. Mai jaka da tabarau baƙuwa ce, za a shimfiɗa mata tabarma a zaure a cika ta da fura da ladabi, ta koma ba ta ga komai ba. Ta zauna a kujerun baya inda aka ware wa mata, daga Dutse zuwa Jahun, daga Jahun zuwa Miga, ragowar hanyar kuma a kan amalanken wani mai kai taki, don ruwa ya cinye turbar mota.

Tun daga nesa ta hango layin. Babura, jakuna, mata da tuluna, wani dattijo daga Haɗeja da ganga a bayan akori-kura. Rijiya ce irin ta dā, bakinta ɗaure da itacen kirya da igiya ta yi wa zane-zane. Ta roƙi wata mata ta sam mata a ludayi. Ruwa ne mai sanyi, da ɗan ɗanɗanon kanwa, irin na kowace rijiya a wannan yanki.

Da azahar ta yi sai ta yi sallama a gidan mai gari ta ce matafiyiya ce tana neman inda za ta yi salla. Babu gidan da ke mayar da mai wannan buƙata. Matar gidan, Hauwa'u, ta ba ta buta da tabarma a gindin rumbu.

Tana alwala ta ji shi. Turaren wuta ne ke tashi daga wani ɗaki a can ƙuryar gida, mai yawa, da tsakar rana, ba amarya ba mai jego ba. A ƙarƙashin ƙamshin kuma akwai wani wari da ta sani tun lokacin da ta yi jinyar wata abokiyar aikinta, warin da turare ba ya kashewa, sai dai ya yi masa rakiya. A jikin dangar bayan ɗakin an shanya tsummoki da yawa, an wanke su amma tabon bai fita ba.

Ta idar da salla ta tambayi wanda ke kwance. Hauwa'u ta ce Yaya Luba ce, yayar mai gida, 'yar masassara ce ta damina. Malama Zulfa ta ce to tunda Allah ya sa ta ji, dubiya ta hau kanta, ba za ta fita da haƙƙin majinyaciya a wuya ba. Ta zura silifa ta nufi ɗakin. Hauwa'u ta bi ta da ido, bakinta a buɗe, ta rasa ta inda ake hana Musulma dubiya.

Luba tsohuwa ce doguwa da ciwo ya mayar ƙashi da fata, amma idonta ras. Tana jingine da bango, zani ɗaure a kafaɗa ɗaya. Ta amsa gaisuwa, ta ƙare wa baƙuwar kallo.

"Ke ba 'yar ɗibar ruwa ba ce. Masu ɗibar ruwa ba sa shigowa nan. Ƙafarki ma ba ta san ƙaya ba."

Zulfa ta yi dariya ta ce an kama ta. Ta faɗa mata gaskiyar abin da ya kawo ta, har da Bilki da ranar da likita ya sa. Luba ta saurara, sannan ba tare da an roƙe ta ba ta kwance zanin. Malama Zulfa ta ga abubuwa a rayuwarta, amma sai da ta dafa ƙasa. Maman ya fashe ya zama gyambo har hammata, gefensa ya yi tauri ya naɗe, an barbaɗa garin magani a kai. Luba ta ce ya fara ne kamar ƙwallon goriba, wanzami ya yi ƙaho, aka yi sakiya, aka sha saiwoyi iri-iri. Rijiyar kuwa ubanta ne ya haƙa ta shekarar da aka haife ta. Da ruwanta aka yi mata wankan jarirai, kuma ko da ta yi aure a nan cikin gari ta yi, ba ta taɓa shan wani ruwa ba sai ranar da ta je Miga kasuwa.

Zulfa ta tambaye ta ina take ranar da masu awo suka zo.

"A gona. Tun da safe aka ɗora mu a amalanke, ni da wasu biyu masu irin nawa, aka kai mu bukkar gonar mai gari, aka bar mana fura. Muna jiyo lasifika daga can. Na ce wa ƙanena Arzika, ai mu suka zo nema. Ya ce Yaya, manyan baƙi ne, har da masu ɗaukar hoto. Ɗaya daga cikinmu ma ta riga mu gidan gaskiya, kafin shuka."

Ta ɗaure zaninta da hannu ɗaya, ta ƙara da cewa yanzu duk wanda ya zo daga birni sai ya ɗebi ruwan lafiya ya wuce ta bayan ɗakinta, tana jin su suna godiya ga Allah.

Malama Zulfa ta fito ta tsaya a zaure ta ce a yi mata iso wajen mai gari. Alhaji Arzika dattijo ne mai fara'a, ya amsa ta da mutunci, da ya ji inda ta dosa kuma bai musa komai ba. Abin da ya ƙara tunzura ta ke nan, mutumin bai ga laifinsa ba. Ya ce saƙon da aka aiko masa daga Dutse shi ne a share gari, a tara mata, manyan baƙi na tafe. Babu wanda ya ce masa a fito da marasa lafiya. Shi kuma tun kakanninsa ba a tarar baƙo da gyambo. In hakimi zai zo, ai doki mai ƙiba ake fitarwa, ramammen a ɗaure shi a bayan gida. Ga shi an ce suna da allurai, kowa kuwa ya san yadda daji yake da ƙarfe, yana ji yana gani ba zai miƙa yayarsa a tsokano mata ciwo ba. Sai ya sa malamar Islamiyya ta zaɓo ɗalibanta masu tsabta.

Ta tambaye shi, to da ya ji ana cewa rijiyarsa magani ce, me ya hana shi magana. Ya buɗe hannu ya ce shi bai taɓa cewa magani ce ba, bai kuma karɓi ko kwabo ba. Mutane sun zo neman ruwa, zai hana su ruwa ne? Manya sun yabi garinsa a rediyo, shi a wa da zai fito ya ƙaryata su?

"Ranka ya daɗe, ka ɓoye yayarka daga masu magani don kada baƙi su ji wari. Yanzu 'yata tana Dutse tana shan ruwanka maimakon ta je asibiti."

Ya ce Allah ya ba ta lafiya, da zuciya ɗaya ya faɗa, har ya sa a cika wa baƙuwa jarka. Ta ce a bar shi.

Ta koma Dutse da tunanin cewa aikin ya ƙare. Abdulbaƙi ya ce in Haɗaka ta janye maganarta zai kai Bilki, ga shi kuwa shugabar Haɗakar, Hajiya Adawiyya, ɗalibarta ce, ta hannunta ta koyi riƙe alƙalami. Ta same ta a ofishinsu na haya a Yalwawa, ɗaki ɗaya da fanka da hotunan taro jere a bango. A cikinsu har da na Kwarin Gawo, 'yan mata a layi suna murmushi.

Adawiyya ta tashi ta ba ta kujerarta, ta zauna a benci. Da ta ji labarin Luba idonta ya kawo ruwa, na gaske ba na munafunci ba. Malama Zulfa ta ce abin da take so kaɗan ne: a koma rediyon da aka yi shela a ce an yi kuskure, a faɗa kafin Litinin.

Nan hawayen ya tsaya, bayani ya fara. Adawiyya ta ce in aka faɗi haka, kowa zai gane cewa masu tarawa ne suka aika saƙon da bai cika ba, shugabarsu kuwa mace ce mai zuciya, za ta kwashe mutanenta ta fice, kuma in ba su, babu mijin da zai bar matarsa ta fito a duba ta. 'Yan jaridar za su ce an zubar musu da mutunci. Mai garin za a kunyata shi a gaban hakimi, daga nan babu dagacin da zai sake buɗe musu gari. Ga wasu baƙi masu tallafi da ake sa ran zuwansu bayan salla, ba daɗi su tarar ana nuna wa juna yatsa. Ta ce su dai ba su taɓa ambaton rijiya ba, mutane ne suka ƙara. Za a kai maganar gaban kwamiti, in an yi kaka hanya ta bushe sai a koma garin a hankali, ba tare da surutu ba.

"Malama, shekara nawa muka yi kafin mu haɗa mutanen nan wuri ɗaya. In Haɗakar ta watse, mata nawa za a rasa?"

"Adawiyya, kun taru ne don ku nemo masu ciwo, ko don ku zauna lafiya da juna? Mai gari ya ɓoye yayarsa don kada ku ji kunya, ku kuma kuna ɓoye kuskurenku don kada ya ji kunya. Kowa ya yi wa kowa kara. Luba ce kawai ba a yi wa ba."

Adawiyya ta sunkuyar da kai kamar lokacin da take aji uku, amma ba ta sauya ba. Ta ce za ta aika a kira Abdulbaƙi ta yi masa magana a sirrance. Aka kira shi kuwa, ya zo, ya saurara da ladabi, ya ce abin da aka faɗa wa duniya a lasifika ba a warware shi da raɗa. In da gaske kuskure ne, me ya sa ake jin tsoron faɗa a fili? Ya koma gida ya ƙara yarda da rijiyarsa. Malama Zulfa ta gaya masa abin da ta gani da idonta, ya ce bai ƙaryata Gwaggo ba, amma tsufa ma yana kawo gyambo iri-iri, kuma Gwaggo tun asali ba ta son ruwan.

Ta kwana biyu ba ta karanta jarida ba. Ta yi tunanin zuwa gidan rediyon da kanta, ta san za a karɓe ta da girma a ce sai an ji daga Haɗaka. Ta yi tunanin ta ɗauke Bilki da ƙarfi, ta san yarinyar ba za ta taka ƙofar gida ba sai da izinin mijinta, ita ta yi mata wannan tarbiyya da hannunta.

Ranar Juma'a ta aika wa Abdulbaƙi cewa in zai je ɗibar ruwa gobe, ya nemi aron mota ya tafi da su, ita da Bilki. Yarinya ta daɗe tana shan ruwan rijiyar da ba ta taɓa gani ba, ya kamata ta je ta ga wurin, ta gaisa da masu shi. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan haka ba, kuma babu ƙarya a ciki. Abdulbaƙi ya yi murna, ya ɗauka Gwaggo ta sauko. Ya samo tsohuwar motar ofishinsu mai shiga laka, ya cika bayanta da jarkoki, har da na maƙwabta.

A hanya shi kaɗai ke magana, yana nuna musu gonakin da suka bi shawararsa da waɗanda suka ƙi. Bilki tana baya kusa da gwaggonta, hannunta ɗaya a ƙarƙashin hijabi, inda ya saba zama kwanan nan.

Da suka isa ya shiga layi, ita kuma ta ja Bilki zuwa cikin gida. Hauwa'u ta gan su ta gane, ta juya ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ga kowa ba. A ƙofar ɗakin ƙurya Malama Zulfa ta tsaya ta yi sallama.

"Yaya Luba, ga 'yar tawa na kawo miki dubiya."

"Turo ta. Ke kin ga rabonki, tsaya a waje."

Ta tura ta ciki ta saki labulen, ta dawo ta tsaya a bakin zaure inda take hango rijiya. Layi ya zo kan Abdulbaƙi. Ya naɗe hannun riga yana jan guga da ƙarfinsa, yana zubawa a hankali don kada ko ɗigo ya zube a ƙasa, bakinsa yana motsi da addu'a. Ta tsaya tana kallonsa, ranta yana tafasa, amma ba a kansa ba. Mutumin nan matarsa yake so ta rayu. Waɗanda suka san gaskiya suna Dutse a ƙarƙashin fanka suna jiran kaka.

Bilki ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta kuka, fuskarta dai ta sauya. Ta wuce gwaggonta ba ta ko dube ta ba, ta ratsa zaure ta nufi bakin rijiya, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya gaban mijinta a cikin mutane. Ya miƙo mata ludayi cike, yana murmushi. Ba ta karɓa ba.

"Malam, ina neman izini. Jibi Litinin zan je Kano a yi mini aikin. In ka kai ni na fi so, in ba ka samu dama ba Gwaggo za ta kai ni."

Ya duba hagu da dama, masu layi duk sun zuba musu ido. Ya rage murya ya tambaye ta me ya faru, me aka gaya mata a ciki.

Ita ba ta rage tata ba.

"Yayar mai gari tana cikin gidan nan da daji, ya cinye mata mama har hammata, na gani da idona. Ruwan rijiyar nan take sha tun ranar da aka haife ta. Su uku ne masu ciwon a garin nan, ɗaya ta rasu. Ranar da masu awo suka zo, gona aka kai su aka ɓoye."